Gashin Bakin Sifis da Jirgin Ƙarfe Biyar

Duk wanda ya san garinmu Agrimiya ya san Sifis, wanda bai san shi ba kuma ya san gashin bakinsa, don shi yake fara shiga wuri kafin mai shi ya iso. Tun da ya dawo daga aikin soja reza ba ta taɓa shi ba. Kullum da safe sai ya murza shi da kakin zuma, gefe ɗaya ya kalli dutse, ɗaya ya kalli teku, sannan ya fita. Matarsa Argiro shekara talatin da takwas ke nan tana gidansa, ba ta taɓa ganin leɓensa na sama ba. Mutumin kirki ne, ba zan zalunce shi ba. Bakinsa ne dai yake riga hankalinsa fita daga gida.

Yana saurayi ya taɓa yin wata uku yana ɗaukar akwatuna a wani otal a bakin teku. Daga can ya dawo da magana huɗu ta Turanci: barka da zuwa, bi ni, babu matsala, da ruwan zafi ya ƙare. Da su yake taƙama har yau.

To, duk ranar Alhamis a lokacin zafi, wani farin jirgin ruwa yakan tsaya a tasha can ƙasa. Daga harabar cocinmu ana hango shi, kamar unguwa guda ta faɗa teku. Da safe ya zazzage mutane, da ƙarfe biyar ya yi ƙaho ya kwashe abinsa. Manyan motoci sukan kai su ƙauyen da ke gindin dutse, amma ba sa hawowa wurinmu, don hanyarmu kwana goma sha tara ce, kuma akuya biyu ma sai sun yi shawara kafin su wuce juna.

Wata Talata ana zaune a shagon gahawar Matiyos, wanda kuma shi ne wanzamin garin, kujerar askinsa tana nan a lungu. Matiyos ne ya riƙe 'yar Sifis ta fari ranar baftisma, don haka kumbare suke kiran juna, kuma babu maganar da ɗaya ba ya iya faɗa wa ɗaya.

Sifis ya ajiye kofi ya ce, "Mutanen can ƙasa me suke nuna wa baƙin nan? Tawul da maɓallin makulli. Mu ne da gari na asali. Jibi zan hau da su nan, su ga komai, in mayar da su jirginsu da sauran lokacin shan shayi."

Matiyos ya ce, "Da wane bakin za ka yi musu magana, kumbare?"

"Na san mutanen nan kamar yunwar cikina. Wata uku na yi a cikinsu."

"A cikin akwatunansu dai."

Aka yi dariya. Nan Sifis ya miƙe tsaye, ya ɗora yatsu biyu a kan gashin bakinsa. Masu wasan kati suka ajiye katinsu.

"Na rantse da wannan. Yadda na hau da su, haka zan mayar da su kafin biyar. In ban yi ba, ga shi ga rezarka."

Matiyos ya tashi. Ya je lungu ya buɗe rezar, ya dube ta a haske, ya rufe. A wurinmu in namiji ya rantse da gashin bakinsa a gaban maza uku, ko Fada, limamin cocinmu, ba ya iya warware masa.

Da Sifis ya koma gida ya rubuta tsarinsa a bayan kalanda. Coci minti goma. Maɓulɓular ruwa minti goma. Tsohon dutsen matsar zaitun minti goma. Gahawa minti ashirin. Argiro ta leƙa ta kafaɗarsa, hannunta duk gari.

"Ina ka rubuta ƙofofi?"

"Waɗanne ƙofofi?"

"Tsakanin inda za ka tsayar da mota da coci ƙofa tara ce. Kana ganin baƙo zai wuce su haka nan?"

Gaskiyarta. Baƙo ba ya wuce ƙofarmu sai an yi masa kerasma, wato ɗan abin taɓawa na tarbar baƙo, ko da ƙwaya ɗaya ce ta gyaɗar dutse da kurɓin ruwa. In kuwa ya ci a wannan gida ya tsallake wancan, to an sami abin da jikoki za su gada.

Sifis ya ce shi ai ya riga ya yi tunanin wannan. Ranar Laraba ya bi gida gida yana hana kerasma. Inda ya fi daɗewa shi ne wurin tsofaffi biyu da ƙofofinsu ke kallon juna, Tiya (wato Inna) Zaharenya da Tiya Garifaliya, waɗanda ba su gaisa ba tun rigimar wani itacen ɓaure, itacen ma ya daɗe da mutuwa.

Zaharenya ta ce, "Ni ba zan ba su komai ba, ɗana. Sai in waccan ta ba su."

Garifaliya ta ce, "Ko ƙwayar gishiri. Sai in waccan ta fara."

Sifis ya dawo gida ya ce an gama, duk sun yarda.

Ranar Alhamis ya ɗaure kujeru huɗu na shagon Matiyos a bayan a-kori-kurarsa, ya sauka tasha. Yadda aka yi mutum huɗu suka yarda suka hau, Allah ne ya sani. Ina jin gashin bakin ne ya ja su. Sunayensu sun gagare shi, sai ya raɗa musu nasa. Akwai Dogo, wani siririn dattijo da kansa ke taɓa reshen zaitun, da Matar Dogo, mai agogo a kowane hannu, ɗaya na ƙasarsu ɗaya na jirgi. Sai wasu tsofaffi biyu 'yan'uwan juna masu hula iri ɗaya, ya ce da su Tagwaye. Matar Dogo ta nuna masa agogo, ta ɗaga yatsu biyar, ta nuna jirgi.

"Babu matsala," in ji Sifis da Turanci.

Sha ɗaya da rabi suka iso gari, Tagwaye suna riƙe da hulunansu da juna. Daga mota zuwa coci taku arba'in ne. Sifis ya shiga gaba, ya ce bi ni, suka bi shi. Sun yi taku goma sha biyu sai ga Zaharenya a bakin ƙofa da tire.

"Tiya, me muka ce jiya?"

"Ruwa ne. Ruwa ai ba kerasma ba ne. Ka hau da bayin Allah kwana goma sha tara, ka bar su da ƙishirwa?"

Ruwa ne kuwa, sai dai ba a ba mutum ruwa tsura, don haka akwai ɗan faranti da ɓawon lemo dafaffe da sukari. Zaƙi kuma ba ya zama a ciki shi kaɗai, don haka akwai cuku. Cuku kuma yana son burodi. Kafin Sifis ya buɗe baki, ƙofar da ke kallon wannan ta buɗe, Garifaliya ta fito da tire wanda a gani an kwana ana shirya shi.

"Tun da an fara," ta ce, ba ta kalli kowa ba.

Nan ne abin ya lalace, kuma ba laifin kowa ba ne. A wurinmu baƙo mai tarbiyya yakan bar loma ɗaya a faranti, alamar an ƙosar da shi. In ya share faranti tas, yana cewa ne uwar gida ta gaza, dole ta ƙara. Su kuwa mutanen nan, daga baya muka gane, a ƙasarsu tun suna yara ake koya musu barin abinci a faranti cin fuskar mai girki ne. Dogo kuma da alama uwarsa ta koya masa da kyau. Ya cinye na Zaharenya, ya ɗauki burodi ya goge farantin har yana ƙyalli, ya miƙa mata da murmushi.

Zaharenya ta dubi farantin, ta dubi Garifaliya da ke kallo. Ta shiga ciki ta fito da ƙwai soyayye da tumatir.

Dogo ya numfasa, ya gyara zama, ya cinye. Ya goge.

Garifaliya ta ce wa iska, "Wani gidan dai baƙo yana tashi da yunwa." Ta ajiye masa dodon-koɗi soyayye da man zaitun.

Dogo bai taɓa cin dodon-koɗi ba, ka gani a idonsa. Amma ya cinye. Ya goge.

Ƙarfe ɗaya ta yi suna nan a taku na goma sha biyu. Sauran ƙofofi bakwai da suka ga baƙi ba za su iso wurinsu ba, sai su suka zo wurin baƙi. Aka fito da tebura aka tare hanya. Fada Polikarpos ya gaji da tsayuwa a ƙofar coci da makulli, ya sauko da zumarsa. Wani ya kawo raki, barasar garinmu, a tulu. Daga bayan gidan wani aka ji akuya ta yi kuka sau ɗaya ta yi shiru.

Sifis yana zagaya tebur da kalandarsa. "Jama'a, saura coci. Saura maɓulɓula. Wa ya ce a yanka akuya?"

"Ba yanka ta aka yi ba," in ji mai akuyar. "Dama ba ta da lafiya."

Matiyos ya fito da kujerar aski bakin shago inda kowa zai gani, ya rataya fatar wasa reza a ƙusa, yana ja a hankali, sama, ƙasa.

"Ƙarfe biyu, kumbare."

"Na ga agogo."

"Na sani. Don dai ka san ni ma na gani."

Argiro ce ta fara gane abin. Ta ja mijinta gefe ta hannun riga. "Mutumin nan ba yunwa yake ji ba, dubi yadda yake gumi. Kunya ce take kashe shi. Ka ce masa ya bar loma ɗaya a faranti, shi ke nan kowa ya huta."

"Ke kika zauna da su ko ni? Haka manyansu suke ci."

"To faɗa masa dai."

Sifis ya je ya tsaya a kan Dogo. Ya laluba Turancinsa kaf, bai sami loma a ciki ba, bai sami faranti ba. Ya sunkuya ya ce masa a kunne, "Ruwan zafi ya ƙare." Dogo ya jinjina kai cikin tausayawa, ya ci gaba da ci.

Sai Sifis ya ce bari ya koya masa a aikace. Ya ɗauki zaitun ɗaya ya ajiye a tsakiyar farantin da Dogo ya goge, ya nuna shi da yatsa, ya ɗaga gira. Dogo ya yi godiya ya cinye. Sifis ya sake ajiye wani, ya riƙe hannun Dogo. Dogo ya ɗauka da ɗaya hannun. A na bakwai Zaharenya ta ce, "Ashe zaitun yake so, ba ku faɗa ba," ta fito da kwano guda.

Ƙarfe uku Tagwaye sun yi barci a kafaɗar juna. Argiro ta je ta yi magana da Fada, wanda dama zai sauka birni a ƙaramar motarsa. Bayan motar cike yake da akwatunan zuma, wurin mutum biyu ne ya rage, kuma gajeru. Argiro ta ta da Tagwaye, ta kama hannunsu.

Sifis ya tare ta. "Ina za ki kai min baƙi? Ni na hau da su, ni zan sauke su."

"Riƙe min tukunyar nan, da zafi, kada ka ajiye a ƙasa."

Ya riƙe. Yana riƙe da ita motar Fada ta sha kwanar farko.

Huɗu saura kwata ya samu ya ɓamɓare Dogo daga tebur. Sai da maza biyu suka ɗaga shi. Aka ɗora shi a kujera da matarsa, aka jera musu tsaraba a ƙafa: gwangwanin man zaitun, dunƙulen cuku, ƙwai goma daga Zaharenya, da zakara mai rai daga Garifaliya, don kada a ce ƙwai ya fi ta. Matar Dogo ta nuna agogunan biyu.

"Babu matsala," in ji Sifis. Ya leƙo ta taga ya ce da jama'a, "Awa ɗaya ce hanyar nan ga wanda bai san ta ba. Ni minti arba'in. Kumbare, mayar da kujerarka ciki kada rana ta ci fatar. Daga nan har tasha babu sauran ƙofa."

Gari duka ya tafi harabar coci, don daga can ana ganin hanya har kwana ta biyar, ana kuma ganin jirgi. Baƙi ba su ga cocin ba, amma ranar ya cika.

A kwana ta uku motar ta tsaya. Hanya ta cika da tumaki daga dutse zuwa bakin rami, sun fi ɗari uku. A tsakiyarsu Barba (wato Baba) Stratis makiyayi yana zaune a kan dutse, tukunyar sabon cuku a gabansa tana tururi. Tsoho ne da ba ya shigowa gari sai biki ko jana'iza, kuma tumakinsa ba sa matsawa don ƙahon mota, sai fitonsa.

Sifis ya sauko. "Barba, don Allah buɗe min hanya. Jirgi."

"Na ji an ce an ciyar da baƙi a kowane gida. Ni ba mutum ba ne?"

"Kai ai ba ka da ƙofa, barba."

"Ga ta kana tsaye a kai."

Tsohon ya cika akushi biyu ya miƙa sama. Matar Dogo ta ɗan taɓa nata ta ajiye a cinya, ta gane ko ba ta gane ba, oho. Dogo ya dubi nasa kamar mai duban kabarinsa. Sannan ya ɗauki cokali. Daga harabar coci ana ganin hannunsa yana hawa yana sauka. Ya miƙo akushin fes.

Barba Stratis ya ce, "Wannan ya san cuku." Ya sake cikawa.

Huɗu da minti ashirin. A akushi na uku, da ya rage cokali biyu, Sifis ya yi tsalle ya fizge shi daga hannun Dogo ya ɗaga sama. "Ga shi ya bari. Ya ƙoshi. Yi fito."

Tsohon ya dube shi tun daga takalmi har gashin baki. "Ɗan Manusos, a gabana kake ƙwace wa baƙo abinci? Ubanka bai yi haka ba." Ya koma ya zauna, ya ciro wuƙa ya fara feƙe sanda. Tumaki ma suka kwanta.

Sifis ya ba da haƙuri. Ya gwada fito da kansa, kare ne kawai ya zo. Ya kama tunkiya ɗaya ya kai ta gefe, ya dawo ya kama ta biyu, ya tarar ta farko ta riga shi dawowa. A cikin haka zakara ya kwance ya hau kan mota. Yana rungume da tunkiya ta tara sai aka ji ƙaho daga teku, mai kauri, sau uku. Farin jirgin ya juya hancinsa a hankali ya nufi waje.

Matar Dogo ta miƙe tsaye a bayan mota. Ta dubi agogon dama, ta dubi na hagu, ta dubi teku, sannan ta yi wa Sifis magana mai tsawo da yarensu. Sifis ya ajiye tunkiyar, ya cire hula, ya ba ta amsa da abin da ya rage masa.

"Ruwan zafi ya ƙare."

Matar ta dube shi. Sai ta zauna ta fara dariya, har tana share ido da gefen riga. Barba Stratis ya yi fito, tumaki suka tashi suka buɗe hanya.

Da baya da baya Sifis ya hawo da motar, don babu wurin juyawa. Kafin ya iso Fada ya bugo waya shagon Matiyos: Tagwaye sun shiga jirgi da sauran minti goma, kuma gobe jirgin zai tsaya a wata tasha a gabashin tsibirin, motar safe za ta kai Dogo da matarsa da rana tsaka. Don haka babu wanda ya mutu. Saura magana ɗaya.

Kujera tana nan a bakin shago. Matiyos ya kaɗa kumfa. Mata suka tsaya a baya da hannu a ƙugu, maza suka jawo kujeru.

Sifis bai zauna ba. "Tsaya, kumbare. A yi adalci. Mutum nawa na hau da su?"

"Huɗu."

"Nawa ne a cikin jirgi yanzu?"

"Biyu. Fada ne ya kai su."

"Da izinin wa? Wa ya riƙe tukunya har suka samu suka tafi? Tsarina ne. Dama na raba tafiyar gida biyu. Ku shaida, jama'a, rabin rantsuwata ta cika, babu mai cewa ba ta cika ba."

Matiyos ya dubi jama'a. Jama'a suka ce gaskiya ne, rabi ya cika.

"Na yarda," in ji Matiyos. "Zauna."

Sifis ya zauna yana murmushin wanda ya ci shari'a. Matiyos ya shafa kumfa a gefen hagu, wanda ke kallon teku, ya ja reza sau huɗu, ya goge ta, ya rufe. Ya miƙa masa madubi.

Sifis ya daɗe yana kallo. Ya ce a hankali, "Ƙarasa."

"A'a. Wannan rabin naka ne, da guminka ka ci shi, gari ya shaida. Ba na taɓa haƙƙin mutum."

"Kumbare, don girman 'yar da ka riƙe."

"Don ita ma nake bar maka. Ta zo ta tarar da uba ba komai a fuska?"

Sifis kuma ba zai aske da hannunsa ba, don yin haka cewa ne ya yi ƙarya a gaban gari. Haka ya tashi ya bi ta tsakiyar mutane. Babu wanda ya yi dariya, mu ba ma yi wa mutum haka a idonsa. Zaharenya ce kawai ta ce da Garifaliya, "Kin ga?" Garifaliya ta ce, "Na gani." Maganarsu ta farko ke nan tun itacen ɓaure.

Rana ba ta gama faɗuwa ba Argiro ta shimfiɗa wa baƙi a ɗakin 'yarsu, ta ba Dogo ruwan ganyen dutse mai zafi don cikinsa. Ya sha, ya rage kurɓi ɗaya a kofin, ya dube ta. Ta shafa masa kafaɗa ta ɗauke kofin.

Ta fito ta tarar da Sifis a dakalin ƙofa, ya juya gefen dama wajen hanya. Ta zauna kusa da shi. Ya yi gyaran murya.

"In an duba da kyau, mutanen ƙasa awa ɗaya baƙi suke yi musu. Ni nawa kwana suka yi. Alhamis mai zuwa, in na sami mota mai kujera takwas..."

"Juyo nan."

Ya juyo. Ta kama haɓarsa ta karkata shi wajen haske, ta daɗe tana duban gefen da aka aske, fari sol kamar cikin burodi.

"Shekara talatin da takwas," ta ce. "Ashe leɓe ne mai kyau. Ka riƙa rufe shi, kada ya lalace."